Yini guda a fadamar Hadeja da Nguru a ƙarshen kaka: yadda zaka nemi tsuntsayen da ba kullum ake ganinsu ba

Duk shekara idan aka gama yankan gero, shamuwa ta tattara ta yi kudu, leɓe ya fara bushewa da safe, to ni hankalina fadama yake komawa. Mutane da yawa suna ɗauka in shamuwa ta tafi shikenan baƙin tsuntsaye sun ƙare sai wata daminar, alhali a daidai lokacin ne wasu baƙin suke sauka daga Turai da Rasha da tsakiyar Asiya, sanyin can ya koro su sun ƙetaro Sahara sun zo neman ruwa. Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba shine lokacin da nafi so, domin ruwan ambaliya ya fara ja baya ya bar taɓo a gefe gefe, baƙin sun iso, hazo kuma bai riga ya rufe gari sosai ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, shine tsuntsun da ba safai ake gani ba kusan kullum a tsakiyar na yau da kullum yake zama. Agwagwa ɗaya da kake nema tana cikin ɗari biyar da baka nema, in baka san ɗari biyar ɗin nan sosai ba wallahi zata wuce ta gaban idonka baka sani ba. Duk tsarin yinin da zan faɗa akan wannan aka gina shi.

Tun kafin ranar, ka san inda zaka dosa

Fadamar nan kogin Hadeja da na Jama'are ne suke yinta, inda suke bazuwa a tsakanin tsofaffin tudun yashi na Jigawa da Yobe kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe mai gangarawa tafkin Chadi. Faɗinta ya fi ƙarfin yini ɗaya, don haka dole ka zaɓa. Akwai tafkin Nguru da mashigar Marma, wanda shine wuri na farko a Najeriya da aka saka cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Akwai Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jigawa, akwai kuma Dagona a ƙasar Bade kusa da Gashuwa, su biyun a 2008 aka saka su cikin jerin. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, ita ce wadda Yarima Philip mijin sarauniyar Ingila ta lokacin ya ziyarta a 1989, kuma tunda gandun gwamnati ne sai ka nemi izinin ma'aikatan wurin kafin ka shiga, karka yi shigar kai tsaye.

In karonka na farko ne ni shawarata ka kwana a Nguru, ka yi safiya akan ruwa da kwale-kwale, ka yi hantsi a bakin gonakin shinkafa, sannan da yamma ka koma inda akwai bagaruwa kusa da ruwa. Kar ka ce zaka taso daga Kano da asuba ka iso ka kalli tsuntsu, kafin ka iso rana ta take, mafi daɗin lokacin ya wuce.

Kwana biyu ko uku kafin tafiyar ka kira wani ɗan garin ka tambaye shi abu uku. Ina ruwa ya tsaya bana, ina masunta suka ce agwagi suna sauka, sannan yaya lafiyar hanya. Maganar ruwan nan ba ƙarama bace, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar fadamar ta canza, wani wurin ruwa ya daina zuwa kamar da, wani wurin kuma ya daina janyewa, shine kachala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Tabkin da ka gani cike da agwagwa bara kana iya zuwa bana ka tarar da kachala ta fi tsayinka ko kuma busasshen ƙasa. Taswirar waya bata san wannan ba, mai jirgi ne ya sani.

Kuma dan Allah in ƙauye zaka shiga ka fara zuwa wajen mai gari ko bulama ka gaisa. Ranka ya daɗe mun zo kallon tsuntsaye ne, ba harbi muke ba, ga abin da muke dubawa da shi. Ka miƙa masa madubin ya leƙa. Mutum baƙo yana yawo a bakin gona da abu mai kama da kyamara yana rubuce rubuce, dole mutane su yi tambaya, kuma suna da gaskiya. Minti goma na gaisuwa yana buɗe maka yinin gaba ɗaya, sau da yawa ma a nan za'a haɗa ka da wanda ya san wurin.

Kayan da zaka ɗauka

Madubin hangen nesa, wanda ake cewa bainakula, shine kan gaba. Mai lamba 8x42 yafi dacewa, ma'anar 8 ɗin sau takwas yake kusanto da abu, 42 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Irin masu lamba 20 ko 30 da ake sayarwa a kasuwa da araha ka bar su, hannunka na rawa kaɗan hoton zai dinga tsalle, balle a cikin kwale-kwale. In akwai mai teliskof da ƙafarsa a cikinku to kun more, amma ba dole bane.

Sai littafin rubutu da fensir, fensir nace domin biro yana ƙin rubutu in takarda ta jiƙe. Waya da caji cike da fawa bank. Ka sauke manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsu, da fakitin tsuntsayen yankinmu tun kana inda akwai netwok, da eBird ko BirdLasser na rubuta abin da ka gani. Kaya masu ruwan ƙasa ko toka, banda fari ƙal, banda ja. Rigar sanyi saboda asubar fadama a wannan lokacin tana shiga ƙashi, amma wadda zaka iya cirewa ƙarfe tara. Ruwan sha mai yawa, ƙuli-ƙuli ko dabino, hula mai baki, da rawani ko ƙyalle na rufe hanci in iska ta taso. Takalmin roba dogo in kana da shi, kuma ko da shi karka saba da shiga ruwa mai kwanciya, tsargiya a irin ruwan nan ake ɗaukarta.

Su wa muke nema

Daren da zaka kwana ka zauna ka kalli hotunan guda biyar ɗin nan har su zauna maka. Wasu basu da sunan Hausa da kowa ya sani, sai na haɗa da sunan kimiyya don ka iya bugawa a manhaja.

Ta farko agwagwa mai farin ido, Aythya nyroca. Jikinta ja ne mai duhu kamar goro da ya sha iska, ƙarƙashin jelarta fari tas, namijin idonsa fari. Nutso take yi ta ɓace ta ɓullo can gaba. Daga gabashin Turai da Asiya take zuwa kuma yawanta yana raguwa.

Na biyu shahon fadama mai fari, Circus macrourus, daga filayen Rasha da Kazakistan. Na uku kurciyar Turai, Streptopelia turtur, wadda tun 2015 aka saka ta cikin masu fuskantar barazana saboda yadda ta ragu a can inda take ƙwai. Na huɗu mai dogon baki da baƙar jela, Limosa limosa, mai caka baki cikin taɓo. Ta biyar tamu ce ba baƙuwa ba, gauraka. Tsofaffin yankin zasu faɗa maka da garke garke ake ganinta, yanzu kana iya shekaru kana zuwa baka sa ta a ido ba, kamun da ake mata ana kaiwa gidajen manya da lalacewar fadama sun kusa ƙarar da ita a Najeriya. Gaskiya ba na son in sa maka rai da ita, amma ka tambaya duk inda ka je, domin sunanta kowa ya sani, kuma in ta yi kuka babu mai ruɗa ta da wani.

Asuba zuwa hantsi, akan ruwa

A ƙarshen Nuwamba rana tana fitowa a Nguru wajen ƙarfe 6:20. Kana idar da sallah ka kama hanya, ka kasance a bakin ruwa gari yana fara wayewa. Ka riga kun gama magana da mai jirgi tun jiya, kuɗi da awa nawa da inda za'a je, kuma kwale-kwalen gora ko filafili kake so ba mai inji ba. Inji yana tashi duk abin da ke tabkin zai tashi tare da shi.

Ka gaya masa abu biyu. Baba rana nake so ta kasance a bayanmu, kuma in na ɗaga hannu ka tsaya. Maganar rana ɗin nan ita ce rabin aikin, da safe ku bi ta gabashin garken kuna kallon yamma, in kuka yi akasin haka duk agwagwar da ka kalla baƙa zaka ganta kamar inuwa, babu ja babu fari.

Da farko kunnenka zai fara aiki kafin ido. Fito mai sauti uku da kake ji ta sama kirinjijiya ce, mai farar fuska, ita ce tafi yawa a cikin na gida. Dinya kuma ba sai an nuna maka ba, ƙatuwa baƙa da fari a ciki. Taka-a-baɗo yana yawo akan ganyen baɗo da dogayen yatsunsa, zalɓe a tsaye kamar an dasa shi, balbela suna fita layi layi zuwa wajen shanu. Ka rubuta su duka, karka raina, yau su ne malamanka.

Idan kun hango garke a kwance akan ruwa ku tsaya tun da nisa. Alamar kun matsa da yawa ita ce su daina cin abinci su miƙe wuya gaba ɗaya, in ka ga haka ku ja baya kaɗan ku jira su koma kiwo. Ni abin nan yana damuna sosai idan na ga ana tada garke don a samu hoton tashi. Ƙaramar agwagwar nan ta Turai da ake kira gargani bata kai rabin kilo ba, ta ƙetare teku ta ƙetare hamada, ƙibar da take tarawa a nan da ita zata koma a watan Maris, duk tashin banza daga jikinta ake cira.

To yanzu ga ainihin aikin. Zaka bi garken sau uku.

Bi na farko na ƙidaya ne. Ka ƙirga goma a gefen hagu, ka ga girman wurin da goman suka ci, sai ka dinga aunawa goma goma har hamsin, daga nan hamsin hamsin har ƙarshe. Ba zai zama daidai cif ba kuma babu laifi, ka rubuta kimanin kaza.

Bi na biyu na rarrabewa ne, su waye a ciki. Gargani a wannan watan mazan da yawa basu gama komawa kayan adonsu ba, don haka karka jira farar girar nan mai kauri da ke cikin hoto, ka duba fuska mai zane zane a kwance da ƙaramin jiki. Fintel, ita ma baƙuwar agwagwa ce, tafi ta girma, dogon wuya siriri, jela mai tsini. Kirinjijiya a tsaye take da dogayen ƙafafu in tana bakin gaɓa.

Bi na uku shine na neman baƙo, kuma shi ake yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka wannan me ya bambanta ta da ta kusa da ita. Wadda tafi duhu, wadda ta nutse alhali sauran kai kawai suke tsomawa su ɗaga gindi sama, wadda ta ware a gefe kusa da ciyawa. Wata safiya haka na yi ta bin wani garke, na kai ƙarshe na dawo, sai a gefen baɗo na ga ɗan fari kamar an ɗiga alli a bayan wata mai duhu, kafin in daidaita madubi ta nutse. Na riƙe wurin ban motsa ba, hannuna har ya fara sanyi, can sai ta ɓullo taku kaɗan gaba, ta juyo rana ta haska jan jikinta da farin idon. Mai jirgin da ke bayana ya ce ai wannan ba ta cika shiga cikin sauran ba, tafi son inda ruwa ke da ciyawa a gefe. Maganarsa daidai take da abin da ke cikin littattafai, shi kuma a ruwa ya koya.

In garken ya tashi da kansa, misali shaho ya gifta, karka sauke madubi. Mai farin ido a sama tana nuna farin layi mai faɗi a tsawon fiffike, wanda gargani bata da shi.

Hantsi, bakin taɓo da gonakin shinkafa

Wajen tara da rabi ka sauka ka koma ƙafa. Lokacin yankan shinkafa ne a wurare da yawa, ka bi kunya ka gaida mutane, karka taka wa kowa amfani. Inda aka riga aka yanke kuma da ɗan ruwa a kwance, nan masu dogayen ƙafa suke taruwa.

Mafi yawa a nan shine wanda ake kira raf, kuma shi ne mai ruɗa sabon shiga, domin namijin ya fi macen girma sosai har ka ɗauka iri biyu ne, ƙafafun ma wani ruwan lemo wani kore kore. Ka gane shi da ƙaramin kai, gajeren baki mai ɗan lanƙwasa, da bayansa mai kamar ɓawon kifi. Ka zauna da su minti ashirin ka ƙoshi da kallonsu. Idan idonka ya saba, mai baƙar jela zai fito da kansa, ya fi su tsayi, bakinsa dogo miƙaƙƙe mai ruwan hoda daga tushe, in ya buɗe fiffike ga farin layi, ga fari a ƙugu, ga baƙar jela.

Kana wannan kana ɗaga kai lokaci lokaci, saboda shahon fadama ƙasa ƙasa yake tafiya yana tangaɗi, fikafikansa a ɗage sama kaɗan. Iri uku ne ke zuwa mana. Na kan kachala mai duhu, macen ruwan ƙasa da kai mai ruwan madara, shi ne ka fi gani. Sauran biyun sirara ne kuma sun fi son busasshen fili da gonar da aka girbe. Namijin da muke nema fari fat yake daga ƙasa, bayansa toka mai haske, baƙin da ke bakin fiffikensa ɗan siriri ne mai tsini. Ɗan uwansa Circus pygargus ya fi shi duhu, yana da baƙin layi a tsakiyar fiffike ta sama da jan zane a ciki. Mata da 'ya'yansu kuwa magana ta gaskiya suna da wuya ko ga waɗanda suka daɗe a harkar. A ƙaramin mai fari akwai farin ƙulli da ya zagaye wuya da duhu a bayansa, in baka ga wannan sosai ba ka rubuta shahon fadama, ɗaya daga cikin biyun, ka wuce. Rubuta haka ba gazawa bane, yafi ka cusa suna akan abin da baka tabbatar ba.

Idan hazo ya sauko launi yana mutuwa, komai ya koma toka toka. A irin ranar ka dogara da siffa da girma da yanayin tashi, kuma ka rage nisan da kake yarda da idonka.

Rana tsaka

Daga sha ɗaya da rabi zuwa bayan azahar ruwa yana ƙyalli, iska tana rawa a cikin madubi, babu amfanin wahalar da kai. Ka nemi inuwar gawo. Gawo shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta fitar da sabo da rani, don haka a daidai wannan lokacin yana kore, ƙwari suna taruwa a kansa, ƙananan baƙin tsuntsaye masu cin ƙwari kuma suna binsu. Ka jingina ka kalli sama kawai. Zaka ga ƙanana masu ruwan toka da ruwan zaitun suna tsalle cikin reshe, yawancinsu daga Turai suke, ga tsanwaka da cilakowa da alhudahuda na kusa. Ka ci abinci, ka yi sallah, ka gyara rubutun safe tun baka manta ba.

Nan ne kuma lokacin hira. Ka buɗe hoton gauraka ka nuna wa masunci ko makiyayi, Baffa yaushe rabonka da ganin wannan, a ina, guda nawa. Ka nuna ungulu ma, wadda da take cika mahauta, ita ma tun 2015 tana jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Ka tambaya ko an taɓa kama tsuntsu da zobe a ƙafa. Zoben nan masu bincike ne suke sawa, akwai lamba da sunan wurin da aka saka a jiki, ba asiri bane ba kuma na leƙen asiri ba. In an nuna maka ka ɗauki hoton lambar duka zagaye da ranar da wurin da aka samu, ka tura wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, su sun san inda za'a kai labarin.

La'asar zuwa faɗuwar rana

Bayan la'asar ka koma inda kurmin bagaruwa ya haɗu da ruwa, yanzu kuma ta yamma zaka zauna kana kallon gabas. Kurciyoyi suna zuwa shan ruwa kafin su shiga kwana, kuma dabarar safe ce zaka maimaita. Na gida ka fara sani, masu baƙin rabin zobe a bayan wuya iri iri ne, sai ƙaramar nan mai ɗige ɗige a ƙirji da ke shiga gidaje, sai hasbiya mai jan ido. Ta Turai bata da zoben, a gefen wuyanta akwai ɗan faci mai layin baƙi da fari, fiffikenta kuma kowane gashi baƙi ne a tsakiya da ruwan lemo a gefe. Tana da tsoro fiye da namu, tashinta da sauri yake da fizga, don haka ka zauna tun kafin su fara zuwa, ka jingina da kututture, karka yi nuni da hannu.

Rana tana faɗuwa wajen shida saura kwata ko saura minti goma. Rabin awar ƙarshen nan ka bar rubutu ka kalla. Jan baki suna shiga kachala kamar hayaƙi, su ne manoman shinkafa da dawa suke kuka da su, shahon fadama suna taruwa inda zasu kwana a ƙasa, kuma nan ne wani lokaci zaka samu mai farin da ka rasa da safe, agwagi kuma suna tashi zuwa kiwon dare. Amma ka lissafa hanyar komawa, karka bari duhu ya same ka a cikin yashi da mashin ko mota.

In ka ga abin da kake zaton baƙo ne

Kafin ka taɓa manhaja ka kalle shi iya kallo, domin kana sunkuyawa kan waya yana iya tashi. Ka faɗa a bakinka abin da kake gani, ko ka danna rikodin murya, girmansa in an gwada da na kusa da shi, baki, ƙafa, inda fari yake, abin da yake yi. Sannan hoto, ka ɗora kyamarar waya a bakin madubi ka danna da yawa, ko ya fito dishi dishi yana da amfani, bidiyon daƙiƙa goma ma yafi. Sai ka rubuta lokaci da wuri. Bayan duk wannan ne zaka buɗe hotuna ka gwada, saboda in ka fara kallon hoto ƙwaƙwalwa tana ƙara maka abin da baka gani ba. Ka tambayi kanka wane na yau da kullum ne zai iya kama da wannan, kuma me ya hana ya zama shi. Merlin tana taimakawa amma tana kuskure, musamman a sautin tsuntsayen yankinmu, karka ɗauki maganarta a matsayin hukunci.

Gauraka kuma ko wurin kwanan kurciyoyi in Allah ya nuna maka, karka saka ainihin wurin a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp. Ka ce yankin Nguru ko yankin Bade ya isa. Masu kamawa ma suna da waya.

Da daddare kafin ka kwanta ka shigar da lissafin yinin gaba ɗaya, har da balbela da hankaka da shirwa, da adadin kowanne. A eBird in ka saka wanda ba'a saba gani ba za'a nemi ƙarin bayani, sai ka kwafe abin da ka rubuta a fili ka haɗa da hoton. In BirdLasser kake amfani da ita lissafinka yana shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka yanka ƙasar gida gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, kuma gidaje da yawa a arewa har yanzu lissafinsu kaɗan ne. Ka goge gilashin madubi da ƙyalle mai laushi bayan ka hure ƙurar, in ka goga da ƙurar a kai zata karce shi. Ka ajiye lambar mai jirgin, domin a watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kuma fadamar nan tana cikin wuraren da ake ƙirgawa, lokacin ruwa ya ƙara ja, garken sun ƙara matsewa wuri ɗaya, mazan gargani kuma farar girarsu ta fara fitowa.